Taurarin da Tela Ya Raba

A falon gidan Tela akwai wani tankin gilashi, tsawonsa bai kai teburin yankan yadi ba, an jingina shi da bangon da rana ba ta duka. Ruwan ciki na gishiri ne irin na teku, sai dai a bokiti ake haɗa shi. Akwai duwatsu masu ramuka, da kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, da wani dodon koɗi da ba ya gaggawar komai. A saman dutsen tsakiya kuwa murjani ne. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba, wannan mai rai ne, ya shimfiɗu a kan dutsen kamar darduma. In an kunna fitilar tankin sai ya buɗe ƙananan furanni kore shar, kowanne da ɗigon rawaya a tsakiya. In an kashe, ya rufe abinsa. Auta ce ta raɗa masa suna Lambu.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Tela, kuma tankin nata ne. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki. Lambun nan tun yana ɗan guntu kamar farce ta kawo shi a leda, ta yi ta rainonsa har ya rufe wuri kamar tafin hannu biyu. Mahaifiyarta, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta gajiya da yi mata tsiya.

"Yarinya ta ƙi kiwon kaji, ta ƙi kiwon zomo, sai kiwon dutse. Ki dai faɗa mana ranar da zai isa yanka."

Shi kuwa Tela ba ya sa baki. Tun da yanar ido ta fara rufe masa gani, kafar allura ta daina ganuwa, ya bar shago ya dawo gida. Hannunsa dai yana nan yadda yake, ko kaɗan ba ya rawa, amma me hannu zai yi in ido ya ƙi raka shi? Da fari a ƙofar gida yake ajiye kujerarsa. Daga baya ya dawo da ita bakin taga. Ba wanda ya lura da ranar da kujerar ta isa gaban tankin, sai dai aka ga a nan take kwana.

To, ana nan sai asibiti suka zaɓi Auta za ta tafi ƙarin karatu na wasu watanni a wani gari mai nisa. Da yamma suna zaune ta ce ta gama magana da Mai Kifi, mutumin da take sayen kayan tanki a kantinsa, zai turo mota a ɗauke tankin gaba ɗaya.

"A ɗauke a kai ina?" in ji Tela.

"Kantinsa, Baba. Ko na dawo ma tafiye-tafiye za su yi mini yawa. Gara in bar wa wanda ya iya."

"Ni fa?"

Auta ta dube shi, ta dubi Inna. Inna ta ɗauke kai, ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Baba, ba wai ban yarda da kai ba. Abu ne mai rai, kuma ba ya kuka balle ka san yana ciwo."

"Shekara nawa ina riƙe wa mutane yadinsu na aure, ko kamu ɗaya bai taɓa ɓata ba. Dutse ne zai gagare ni?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofin shayinta. Can ta ce, "To, mu yi haka. In na dawo na tarar Lambu ya mutu, tankin zai koma wurin Mai Kifi, ba zan sake sa wani abu mai rai a wahala ba. In na tarar da shi a raye, ya zauna, ya zama namu ni da kai."

"Kin ji, Inna, ke ce shaida," in ji Tela.

"Ni ba ruwana da ku da dutsenku."

Kafin ta tafi ta koya masa komai. In ruwa ya ragu, da ruwan daɗi ake cikawa, don gishiri ba ya bin tururi, yana nan a ciki. Ta nuna masa maganaɗisun goge gilashi, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ka ja na waje na ciki ya biyo. Ta nuna masa lokacin kunna fitila da na kashewa. Abincin kifi kuwa ta ce ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkulo, sau ɗaya a yini.

Duk ya riƙe, ban da na ƙarshen. Kun san kifayen nan da wayo. Da sun ga inuwarsa sai su taho bakin gilashi suna rausaya, shi kuma Tela bai iya cin abu ana kallonsa ba. Ya karya kumallo ya tsunkula musu, ya ci na rana ya tsunkula musu, kuma yatsun nasa ba irin na Auta ba ne.

Wata safiya Inna tana goge ƙura a jikin tankin sai ta tsaya.

"Baban Auta, maɓallin rigar wa ka jefa a ruwan nan?"

Ya sa tabarau ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. Wani ɗan abu ne fari-fari, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ya manne a gilashin ta ciki. Yana da ƙafafu kamar tauraron da yara ke zanawa, amma ba su daidaita ba, wata doguwa, wata gajera, kamar wanda ɗan koyo ya yanka. Suna cikin kallo abin ya ɗan gusa.

"La ila! Tafiya yake yi," in ji Inna.

Kafin azahar sun gano wasu, kuma Inna ta hango ɗaya a zaune a gefen Lambu, furannin wurin sun rufe alhali fitila na kunne. Tela ya kira Auta. Ya same ta tana sauri za ta shiga aji, layin kuma yana yi yana yankewa.

"Au, taurarin ruwa ne, Baba," in ji ta. "'Yan rage-hanya muke ce musu. Ba wanda ke sayensu, a ramin dutse suke ɓuya su biyo shi har gida. Yawancinsu gansakuka suke ci, ba su da laifi. Amma in ka ga sun fara hawa Lambu, ka raba su..."

Nan layin ya ɗauke. Abin da Auta ta faɗa a can shi ne, ka raba su da shi. Kalmomi biyun ƙarshe ba su iso falon ba.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce in raba su."

"Ka raba su kamar yaya?"

"Yadda ake raba abu mana. Ni za a koya wa raba abu biyu?"

Ya shiga ɗaki ya buɗe tsohon gwangwanin kayan ɗinkinsa, ya fito da ɗan almakashin da yake datse zare da shi. Gaskiya ranar fuskarsa ta yi haske, don rabonsa da riƙe almakashi da dalili an daɗe. Waɗanda ke kan dutse ba ya iya ganinsu, amma na jikin gilashi farinsu na fitowa cikin shuɗin hasken. Sai ya zura hannu ya ɓamɓaro ɗaya, ya ɗora a yatsa, ƙyas, ya raba shi gida biyu daidai wa daida. Ya dubi guntayen, ya ga bai kamata a yi asarar nama ba ga masu ci, sai ya mayar da su ruwa don kifaye su samu. Kifayen suka zo suka shinshina, suka juya abinsu.

"Ƙoshi ne ya yi musu yawa," in ji Tela. "Za su ci anjima."

Haka aka yi ta yi. Kullum safe bayan ya cika ruwa ya goge gilashi, sai ya ɗauko almakashi. Duk ƙarshen mako Auta na kira.

"Baba, 'yan rage-hanyan nan, kana raba su kuwa?"

"Kullum. Ko fashi ba na yi."

"Yauwa, Baba, kada ka gaji. Sannu da ƙoƙari."

Sai ya ajiye waya yana duban Inna ta saman tabarau, wato kin dai ji da kunnenki.

Amma abin mamaki, maimakon su ragu sai ƙaruwa. Da yana neman su, yanzu su ke nemansa. In ya fito da sassafe kafin a kunna fitila sai ya tarar gilashin ya yi ɗigo-ɗigo kamar yadin atamfa. Ya ce lallai rabon ne bai isa ba, ya koma raba manyan gida uku.

"Baban Auta, baƙin nan naka sun aika gida an turo dangi," in ji Inna. "Ko za ka faɗa musu ɗakunan sun cika?"

Bai yi dariya ba, don ranar ko da aka kunna fitila kusan rabin Lambu bai buɗe ba. Gefen hagu ma ya fara zubewa, farin dutse ya bayyana a ƙasa. Tela ya zauna a kujerarsa har shayinsa ya huce bai taɓa ba. Inna ta zo ɗaukar kofin, ta ga fuskarsa, sai ta fasa tsiyar da ta ɗauko. Ta jawo 'yar kujera ta zauna kusa da gilashin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita idonta garau yake, hannunta ne ke rawa, shi ya sa ko shayi ba ta cika kofi. Ta daɗe tana kallo.

"Zo ka ga wani abu. Wannan yankanka ne."

"Wanne?"

"Wannan na kusa da famfon da ke juya ruwan. Gefensa ɗaya a miƙe yake kamar an ja layi. Na san yankanka, shekara nawa ina share ƙyallayenka. To, a daidai wurin yankan ga wasu 'yan ƙafafu nan suna tsirowa, ƙanana kamar haƙoran jariri. Ga wani ma. Ga wani can."

Tela ya matso kusa da gilashin.

"Ba mutuwa suke yi ba," in ji Inna a hankali. "Kowane guntu tashi yake ya kama gabansa. Ka tashi mu je wurin Mai Kifi."

"Mutumin da ke jiran tankin nan? Ni da ƙafata in je in ce masa na kasa? Kafin mu iso gida ya kira Auta."

"To zauna ka yi ta yanka, har su fito su karɓi kujerar taka."

 Bayan la'asar sai ta ga Tela ya sa hula, ya wanke wata kwalbar zuma, ya ɗebi ruwan tankin ya jefa taurari kaɗan a ciki. Ita ma ta yafa mayafi ta bi shi, don ba ya ganin ramukan bakin titi.

Kantin yana bayan shagon mai gyaran waya, sai ka sauka matakala. Ciki da sanyi, ga ƙarar famfuna ta ko'ina kamar ana ruwan sama a nesa, ga warin gishiri. Mai Kifi wani kakkauran mutum ne wanda hannun rigarsa na dama kullum a jiƙe yake. Ya gane su tun daga ƙofa.

"A'a, Baba da Inna da kansu! Lafiya dai? Ina labarin likitarmu?"

Tela ya ajiye kwalbar a kan kanta. Mai Kifi ya ɗaga ta ga haske.

"'Yan rage-hanya ne. Kowa na da su. Amma me ya same su haka, kamar sun yi hatsarin mota?"

"Raba su na yi."

"Ka yi me, Baba?"

"Auta ta ce in raba su. Na raba su. Da almakashi."

"Sai ka zubar?"

"Sai in mayar wa kifi."

Mai Kifi ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya cije leɓe, ya dubi rufi, ya yi tari. Da ya haɗa ido da Inna sai abin ya ƙwace masa, ya dafa kanta yana dariya har da hawaye.

"Ka yafe ni, Baba, wallahi ba raini ba ne. Ai su da kansu haka suke haihuwa. In ɗaya ya ƙoshi sai ya ja jikinsa ya rabe biyu, kowane ɓari ya tsiro abin da ya rasa. Shi ya sa ba ka ganin mai ƙafafu daidai. Kai kuma ka zo ka sauƙaƙa musu naƙuda. Ashe ungozoma ka koma bayan ɗinki!"

"Faɗa masa dai," in ji Inna. "Ni in na faɗa a ce baki gare ni."

Mai Kifi ya ce, "Na tabbata raba su da murjanin ta ce. A cire su, a fitar da su daga ruwan."

Tela ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya faɗi halin da Lambu ke ciki, bai rage komai ba. Mai Kifi ya daina dariya. Ya tambayi sau nawa ake ba kifi abinci. Tela ya ce sau ɗaya, Inna ta yi gyaran murya, ya ce wani lokaci yakan ɗan ƙara.

"To ka ga ɗaya matsalar. Abin da kifi bai ci ba shi ke zama gansakuka, gansakuka kuma ita ce tukunyarsu. Da suka yi yawa ta kasa isarsu, sai masu duhun cikinsu suka hau murjani."

Ya ja su zuwa wani ƙaramin tanki a lungu. A ciki akwai wani jatan lande fari mai ɗigon shuɗi, kyakkyawa kamar an yi masa ado.

"Wannan ba ya cin komai a duniya sai taurari. In ka sa shi, kafin likita ta dawo ya share maka su tas."

"In ya gama fa, me zai ci?" in ji Tela.

"Nan ne matsalarsa. In ba a nemo masa wasu ba, yunwa ke kashe shi."

"A'a. In ɗauko ma'aikaci ya gama mini aiki, sannan in zauna ina kallonsa yana ramewa? Faɗa mini wata hanyar."

"Ɗaya hanyar ta hannu ce, kuma tana cin rai. Da sassafe kafin ka kunna fitila, lokacin duk sun fito. Ka sa hantsaki ka ɗaga shi a hankali, ɗungurungum, kada ko ƙafa ɗaya ta karye ta zauna. Ka fara da na kan murjani. Ka rage abincin kifi, ko sun yi maka kuka. Kuma kada ka ce sai ka ga bayansu, ba za ka gani ba, ba ma a so. Farare kaɗan a jikin gilashi shara suke yi maka. Waɗanda ka cire ka kawo mini a kwalba, wannan bawan Allah ya samu na kalaci."

Ya ɗauko dogon hantsaki ya miƙa masa. Tela ya gwada bakinsa da yatsa, ya ga ya haɗu sosai. Har sun kai matakala ya juyo.

"Za ka gaya wa Auta?"

"Ni kifi nake sayarwa, Baba, ba labari ba. Wurin da na share wa tankin yana nan, amma ban ƙi ya yi ta zama haka ba."

Washegari Tela ya fito tun gari bai gama wayewa ba, ya naɗe hannun riga, ya zura hantsaki. Na jikin gilashi ba su ba shi wahala ba. Da ya zo kan Lambu sai komai ya zama dishi-dishi, bai san ina tauraro ya ƙare ina murjani ya fara ba. Ya kai hantsaki ya damƙo wani abu mai laushi.

"Wayyo, sake shi! Furen ka kama!"

Inna ce a bayansa, da tocilan a hannu. Ya saki da sauri. Ya fito da hannunsa yana ɗigar ruwa, ya miƙa mata hantsakin.

"Karɓi ke ki yi. Ke kike gani."

"Da wannan hannun nawa? Ai sai in tsige Lambun gaba ɗaya. Kuma ni ba na sa hannu a ruwan da abu ke tafiya a ciki. Mayar da hannunka, ni zan faɗa maka."

Ta zauna a 'yar kujerarta, ta haska ta gefe.

"Yi gaba kaɗan. Kai, ka wuce! Kaɗan na ce."

"Kaɗan ɗinki nawa ne? Ki faɗa mini da inci."

"Ni ina na san inci? Dawo baya kamar ƙwayar shinkafa biyu."

Ya dawo ƙwaya biyu cif.

"Yauwa. Hagu ƙwaya ɗaya. Sauka. Sauka. Tsaya! Yana ƙarƙashin bakin. Kama."

Ya kama, ya ɗan jijjiga a hankali har abin ya saki dutse don kansa, ya ɗago shi ɗungurungum ya jefa a kwalba. Inna ta haska kwalbar ta duba ƙafafun.

"Ba abin da ya karye. Ashe dai hannun yana nan."

"Da ina zai je?"

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Gwangwanin abincin kifi ya koma kicin, saman kabad, Inna ce ke tsunkulowa ta zuba masa a tafin hannu. Kifayen suka yi ta zarya a bakin gilashi, Tela ya riƙa juya musu baya in zai ci abinci. Duk bayan 'yan kwanaki su ɗauki kwalba su tafi kanti, su dawo ta wurin mai sayar da lemo. Wata safiyar su cika gindin kwalba, wata safiyar su yi faɗa a kan hagun wa ake nufi, nata ko nasa, har lokacin kunna fitila ya yi ba su cire na kirki ba. A hankali dai gilashi ya fara washewa. Furannin Lambu suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa tsakiya. Gefen hagu ne kawai ya ƙi. Wurin ya zauna fari fat, faɗin yatsu uku.

In Auta ta kira yanzu, Tela ba ya cika baki. Sai ya ce, "Muna nan muna fama," ya miƙa wa Inna wayar.

Ranar da ta dawo, da yamma ne, fitilar tankin na kunne. Ta gaishe su, ta rungume Inna, ko jakarta ba ta kai ɗaki ba ta durƙusa gaban gilashi. Kifayen suka taho. Ta yi murmushi, sannan idonta ya sauka gefen hagu, murmushin ya tsaya.

"Nan ne guntun farko," in ji ta. "Wanda na kawo a leda."

Tela bai san haka ba. Ya zauna a kujerarsa ya ba ta labari tun daga kiran wayar, da almakashi, da komai.

"Ka raba su da shi na ce, Baba! Da shi!"

"Da shi ɗin bai iso nan ba."

"Kuma duk mako ina ce maka kada ka gaji!"

"Bai kuwa gaji ba," in ji Inna. "Wannan zan yi masa shaida."

Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Amma da dariyar ta wuce ta sake duban farin wurin.

"Alkawari muka yi," in ji Tela. "Ban sani ba ko wannan a raye za ki kira shi ko a mace. In za ki kira mutumin, ki kira. Ba zan ce komai ba."

"Bari in huta tukuna, Baba."

Da sassafe muryoyi suka tashe ta. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofar falo. Fitilar tankin a kashe, Inna a 'yar kujera da tocilan, Baba a tsaye hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, idonsa ma a rufe.

"Dama ƙwaya uku. Damarka, ba tawa ba. Wancan farin ƙyale shi, ɗan shara ne. Mai duhun nake so, ga shi yana laɓe kamar bai san laifinsa ba. Sauka. Kama."

Auta ta matso. "Inna, kawo in riƙe miki tocilan."

"Matsa can, 'yar nan, kina yi mana inuwa."

Ta matsa. Ta tsaya tana kallo har suka gama, Baba ya goge hannu, aka kunna fitila. Lambu ya fara buɗewa. Auta ta ɗauko gilashin ƙara girma daga jakarta, ta durƙusa ta daɗe a kan gefen hagu. A bakin farin wurin akwai wasu 'yan ƙulli kore, ƙanana ƙwarai, sabon tsiron Lambu, sun fara taka dutsen.

"Kun ga waɗannan?"

"Na gan su tun shekaranjiya," in ji Inna. "Ban faɗa ba ne kada in sa masa rai, ya zamana datti ne."

"Mene ne?" in ji Tela. "Me kuka gani?"

 Auta ta ɗauki wayarta ta danna, ta tsaya a tsakiyar falo inda kowa zai ji.

"Ina kwana, Mai Kifi. E, jiya na dawo. Wurin nan da ka share, ka nemi abin da za ka sa. A'a, ba za a kawo ba." Ta saurara, ta yi dariya. "To, zan faɗa masa."

Ta kashe wayar.

"Ya ce a gaida ungozoma. Wai jatan landensa ya kwana da yunwa, ko akwai abin da aka samu."

Tela ya ɗaga kwalbar kusa da fuskarsa, ya girgiza ta kaɗan.

"Ba yawa yau. Ki ce masa ya yi haƙuri da abin da ya samu, mu ma nan ragewa muka yi. Inna, ina hulata?"